Tsakanin Ɓata da Sata: Shari'ar Fuskar Ka-Nefer-Nefer

A shekarar 1973 ma'aikatan gidan tarihi na birnin Alƙahira suka zauna ƙidayar kayan ajiya. Da suka iso kan wani akwati mai lamba 54 suka buɗe, suka duba takardar da ke lissafa abin da ke ciki, sai suka ga abu ɗaya babu shi: marufin fuskar gawar wata mata da ta rayu sama da shekara dubu uku da suka wuce. Babu takardar sayarwa, babu ta aro, babu ta kyauta. Aka rubuta cewa ya ɓata, aka rufe littafi.

Bayan shekara 25 wannan fuska ta bayyana a cikin akwatin gilashi a gidan adana kayan fasaha na birnin St. Louis, a jihar Missouri ta Amurka, an saye ta dala 499,000. Ta tashi daga gindin dala ta faɗa kasuwar dala. Rigimar da ta biyo baya ta kai har kotun ɗaukaka ƙara ta tarayyar Amurka, kuma duk ta rataya ne a kan kalmomi biyu da mu ma muke haɗawa kullum a bakinmu, ɓata da sata.

Abin da aka tono

Mutumin da ya tono ta sunansa Muhammad Zakariya Goneim, ɗan Masar ne, ma'aikacin hukumar kayan tarihi, kuma shi ke kula da yankin Sakkara, tsohuwar maƙabartar da ke kudu da Alƙahira. Tun 1951 ya fara haƙa a wani fili da yashi ya binne, kusa da dalar Fir'auna Djoser mai hawa-hawa. A nan ya gano wata dala da ba a ƙarasa gininta ba, ta wani sarki mai suna Sekhemkhet. Kafin ya kai ga ginin kansa sai da ya ratsa kaburburan mutanen da aka binne a saman wurin bayan ƙarnuka masu yawa, lokacin da an manta da akwai dala a ƙarƙashin. A cikin ɗaya daga waɗannan, a 1952, ya sami matar da ya kira Ka-Nefer-Nefer, wato kurwa mai kyau ninki biyu. Zamaninta shi ne na gidan sarauta na 19, gidan su Ramses na Biyu.

Duk wanda ya ji an ce marufin fuskar Masar, hankalinsa kan tafi ga na Tutankhamun, mai zinariya wajen kilo goma. Wannan ba irinsa ba ne. An yi shi da yadin lilin da aka jera falle kan falle, aka shafe da farar ƙasa da ƙaro har ya yi tauri, sannan aka yi masa fenti da ruwan zinariya. Tsayinsa ya ɗan haura rabin mita. Idanun na gilashi ne, an dasa su a ciki, gashin baƙi ya sauko ta kafaɗu biyu, hannuwan a harɗe bisa ƙirji, kowanne na riƙe da laya ta itace. Ba a yi shi don ado ba, kuma ba a yi shi don wani mai rai ya gani ba. A aƙidarsu ruhin mamaci yakan fita ya dawo, to dole ya gane jikinsa, ko da fuskar ainihi ta lalace. Zinariya kuwa a wurinsu ita ce naman jikin gumakansu, saboda haka fuskar da aka shafa wa zinariya ta riga ta shiga sahun waɗanda ba sa ruɓewa. Aikin wannan abu ke nan. Cewa zai zama haja mai farashi, ana yi masa inshora ana haska shi da fitila, bai taɓa zuwa ran wanda ya ƙera shi ba.

Goneim ya ɗauki hotonta, ya kuma buga hoton a rahoton haƙarsa da ya fito a 1957. Wannan hoto shi ne ginshiƙin duk maganar, domin babu wani ɓangare da ya taɓa musanta cewa fuskar da ke St. Louis ita ce wadda ke cikin littafin. Mai saye ya yarda, mai sayarwa ya yarda, Masar ta yarda. An san ramin da ta fito. Abin da ake jayayya a kai shi ne hanyar da ta bi bayan nan.

Labari biyu da ba za su zauna tare ba

A bisa littattafan ajiya na Masar, kamar yadda lauyoyin gwamnatin Amurka suka shimfiɗa su a gaban kotu, fuskar ta zauna a ɗakin ajiya na Sakkara har 1959. A watan Yuli na wannan shekara aka ɗaure ta aka kai Alƙahira domin wani baje koli da za a yi a Tokyo, amma ba ta tafi Japan ba. A 1962 aka mayar da ita Sakkara. A 1966 aka sake ɗaukar ta tare da wasu kaya, a cikin akwati mai lamba 54, zuwa ɗakin gyaran kayan tarihi a Alƙahira. Daga nan shiru, sai ƙidayar 1973.

Labarin da ya zo tare da ita St. Louis daban ne. Kamfanin Phoenix Ancient Art na birnin Geneva, mallakar 'yan'uwa biyu, Ali da Hicham Aboutaam, shi ya sayar da ita a 1998. Takardunsa sun ce an ga fuskar a shagon wani dillali a Brussels tun 1952, shekarar da aka tono ta. Daga can ta shiga hannun wani mai tara kayan tarihi a farkon shekarun 1960, sannan ta koma wajen wata mata a Suwizalan, inda ta daɗe kafin kamfanin ya saya. Yadda ta fita daga Masar kuwa, abin da aka riƙa faɗa shi ne wataƙila rabon Goneim ce aka ba shi.

Wanda ya yi karatun hadisi zai gane wannan aiki nan take, don isnadi ne. Kowane kaya na tarihi yana zuwa da salsalar waɗanda suka riƙe shi, wane daga wane daga wane, kuma darajarsa a kasuwa tana hawa da sauka gwargwadon ingancin salsalar. To a duba wannan. Mahaɗin farko, na Brussels, ya dogara ne ga wasiƙar mutum ɗaya da aka rubuta a 1997, yana tuna abin da ya gani a shago shekara 45 baya. Ba rasit, ba hoto, ba takardar kwastan. Na biyun suna ne kawai a kan takarda. Maganar rabo ita ma tana da rauni. Gaskiya ne a wancan zamani Masar tana raba abin da aka tono da tawagogin ƙasashen waje, kuma ta haka gidajen tarihi na Turai da Amurka suka cika ɗakunansu da yawa. Amma Goneim ba baƙo ba ne da ya zo da kuɗin wata jami'a, ma'aikacin gwamnati ne mai karɓar albashi, yana haƙa da kuɗin gwamnati. Mai gadin rumbu ba ya cin rabo a cikin hatsin da aka ba shi tsaro.

Ba a nan ma gizo ke saƙar ba. Idan fuskar tana Brussels a 1952, me aka ɗaure a Sakkara a 1959? Me aka sa a akwati na 54 a 1966? Ko dai magatakardan Masar sun yi ta rubuta abin da ba su gani ba har sau uku cikin shekara bakwai, ko kuma wasiƙar 1997 ba ta da tushe. Ni a ganina ba sai an yi dogon tunani ba wajen zaɓar wanda za a gaskata.

Duk da haka, zalunci ne a ce gidan tarihin St. Louis ya saya ido rufe. Kafin ya biya kuɗi ya tuntuɓi Art Loss Register, wato rajistar kayan fasaha da aka sace, ya tuntuɓi Interpol, babu inda sunan fuskar ya fito. Ya kuma rubuta wa shugaban gidan tarihin Alƙahira na lokacin, Muhammad Saleh, amsar da ta dawo ba ta ce kayan sata ba ne. A ma'aunin kasuwar 1998 wannan ƙoƙari ne, har ya fi na wasu. Sai dai akwai tambayar da ake yi don a sami amsa, akwai wadda ake yi don a ce an yi. Wanda ya san abu ya fito daga haƙar gwamnati a Sakkara, wurin da zai fara dosa shi ne littafin ajiya na Sakkara, kuma abin da zai fara nema shi ne takardar izinin fitarwa. Ba a nuna irin wannan takarda ba.

Masar ma tana da nata laifin, kuma babba ne. Tun 1973 ta san abin babu shi, amma ba ta yi cigiya ba. Rajistar kayan sata ba ta iya nuna abin da mai shi bai kai rahoto ba. Rashin kira, karen bebe ya ɓata.

Yadda maganar ta tashi

Shekara bakwai fuskar tana zaune lafiya a St. Louis. A ƙarshen 2005 wani ɗan Holan mai suna Ton Cremers, wanda ke bibiyar tsaron gidajen tarihi, ya fara watsa zargin cewa sato ta aka yi daga ɗakin ajiya. A 2006 Zahi Hawass, shugaban majalisar ƙoli ta kayan tarihin Masar, ya rubuta yana neman a mayar da ita, har ya sa wa'adi. Hawass mutum ne mai son kyamara da kaushin harshe, kuma salonsa ya yi masa aiki a wurare da dama. A nan bai yi ba. Shugaban gidan tarihin, Brent Benjamin, ya tsaya a kan magana ɗaya: a kawo hujjar sata, za mu mayar. Masar ta aika kwafin littattafanta, gidan tarihin ya ce ba su gamsar ba.

A tsakanin nan sunan masu sayarwar ya ɗan yi ƙura. A 2004 Hicham Aboutaam ya amsa laifi a wata kotun Amurka cewa ya rubuta wa kwastan ƙasar asali ta ƙarya a kan wani ƙoƙon azurfa na Iran, ya ce daga Siriya yake. A shekarar kuma wata kotun Masar ta yanke wa Ali hukunci ba ya nan, a wata shari'ar fasa-ƙwaurin kayan tarihi, hukuncin da ya musanta. Babu ɗayan biyun da ya shafi wannan fuska kai tsaye, kuma kamfanin ya nace cewa cinikinsa halal ne.

A farkon 2011 lauyoyin gwamnatin Amurka suka sanar da gidan tarihin cewa za su ƙwace fuskar. Gidan tarihin ya riga su zuwa kotu a watan Fabrairu, yana cewa ko da akwai magana, wa'adin shekara biyar da doka ta bayar ya wuce, tun da jami'an gwamnati sun san da zargin tun 2005 zuwa 2006 ba su motsa ba. A watan Maris gwamnati ta shigar da tata ƙarar. A irin wannan shari'a kayan ake ƙara, ba mutum ba, saboda haka a takardun kotu za ka ga Amurka a gefe ɗaya, fuskar Ka-Nefer-Nefer a ɗaya gefen a matsayin wadda ake ƙara. Baiwar Allah, bayan shekara dubu uku a kabari, ta tashi da sammaci.

Dokar da gwamnati ta riƙe ta kwastan ce, wadda ta ce duk kayan da aka sato ko aka yi fasa-ƙwaurinsu aka shigo da su Amurka saɓanin doka, za a ƙwace. A ranar 31 ga Maris 2012 alƙali Henry Autrey ya kori ƙarar. Dalilinsa a taƙaice: kun ce abu yana nan a 1966, kun ce babu shi a 1973, daga nan kuka yi tsalle kuka ce an sace. Wa ya sace, yaushe, a ina, ta yaya? Kuma wace doka ce takamaimai aka karya wajen shigo da shi? Takardar ƙarar ba ta faɗa ba.

Farkon karanta wannan hukunci haushi ya ba ni. Wane ɓarawon ɗakin ajiya ne ke barin suna da kwanan wata? Idan sai an faɗi wanda ya ɗauka da ranar da ya ɗauka, to duk satar da aka yi da gwaninta ta halatta ke nan. Amma akwai wani abu a tarihin Goneim kansa da ya sa na sassauta. A ƙarshen shekarun 1950 aka zarge shi da satar wani tulu na tarihi da aka nema aka rasa a Sakkara. Aka yi ta yi masa tambayoyi, mutuncinsa ya zube. Abokinsa Bafaranshe, Jean-Philippe Lauer, bai yarda ba, ya shiga ɗakunan ajiyar gidan tarihin Alƙahira yana bincike har ya gano tulun a wani lungu. Ba a sace shi ba, ajiye shi aka yi inda ba a rubuta ba. Kafin albishir ya isa ga Goneim, an tsamo gawarsa daga Kogin Nilu, a watan Janairun 1959. To mutumin da ya tono wannan fuska, rayuwarsa ta tafi ne a kan mutanen da suka ɗauki ɓata a matsayin sata. Alƙalin bai yi wauta ba da ya ƙi haɗa su.

Bambancin kawai shi ne inda aka tsinci abin. Tulun a Alƙahira aka gan shi, cikin gidan mai shi. Fuskar a Geneva ta ɓullo, a hannun ɗan kasuwa. Akuyar da ta ɓata aka same ta a bayan ɗaki, ɓata ta yi. Wadda aka samu a kara ana cinikinta, sai mai riƙe da igiya ya yi bayani.

Lauyoyin gwamnati suna da damar gyara ƙararsu, kuma suna da abin da za su ƙara. Masar tana da doka mai lamba 215 ta 1951 da ta tsara mallaka da fitar da kayan tarihi, ga kuma mai lamba 117 ta 1983 da ta mayar da su dukiyar ƙasa. Kotunan Amurka sun riga sun karɓi irin wannan hujja. A 2002 an ɗaure wani babban dillali na New York, Frederick Schultz, wata 33 a kan kayan Masar, bayan an nuna yadda abokin harkarsa Bature yake shafe kayan da roba da fenti su zama kamar tsarabar 'yan yawon buɗe ido, sannan a jiƙa takardun bogi da shayi a gasa su su yi kamar tsofaffi. Hanya a buɗe take. Amma maimakon su gyara nan da nan, sai suka tsaya roƙon alƙali ya sake duba hukuncinsa. Da suka kawo gyararriyar ƙarar a watan Yuni, wa'adi ya riga ya wuce, alƙali ya ƙi karɓa. Suka ɗaukaka ƙara. A watan Yunin 2014 kotun ɗaukaka ƙara ta takwas ta ce alƙalin yana da hurumin ƙin karɓa, tun da sakacin na gwamnati ne. Ɗaya daga cikin alƙalan, Diana Murphy, ta yarda da hukuncin amma ta rubuta nata bayanin daban, tana jan kunnen masu sayen kayan tarihi a kan binciken asali. Bayan 'yan makonni gwamnati ta ce ta haƙura.

Abin lura a nan, wanda rahotanni da yawa suka tsallake, shi ne babu kotun da ta ce fuskar halal ɗin St. Louis ce. Ba a saurari shaida ko ɗaya ba. Ba a ɗora littafin Sakkara da wasiƙar Brussels a kan sikeli ɗaya ba. An kori ƙara ne saboda rubutunta bai cika ba, an kuma rufe ƙofa saboda an makara. Gidan tarihin ya ci shari'a, amma tambayar da aka zo da ita tana nan inda take.

A kwatanta da abin da ya faru bayan 'yan shekaru. A 2017 gidan tarihin Metropolitan na New York ya sayi akwatin gawa mai ruwan zinariya na wani limamin gumaka, Nedjemankh, a kan kusan dala miliyan 4, daga wani dillali a Paris. Shi har da takardar izinin fitarwa mai kwanan watan 1971. Masu gabatar da ƙara na Manhattan suka bi diddigi, suka gano a 2011 aka tono shi a yankin Minya lokacin hargitsin juyin juya hali, takardar kuma jabu ce. Cikin abubuwan da suka tona ta har da sunan ƙasar da ke jikin hatimin, wanda Masar ba ta fara amfani da shi ba sai bayan ranar da aka rubuta a takardar. A 2019 gidan tarihin ya miƙa akwatin, ya ba da haƙuri. A can akwai hotunan da ɓarayin suka ɗauka da kansu, akwai saƙonnin da suka yi musaya. Satar zamanin waya tana barin sawu. Ta tsakanin 1966 da 1973 ba ta bar komai ba sai gurbi a cikin akwati, kuma waɗanda za su iya cewa ga wanda ya riƙe makulli yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya.

Ga mai tara irin waɗannan kaya, lissafin kasuwa ya canja tun lokacin. Yanzu manyan gidajen tarihi na Amurka suna neman hujjar cewa abu ya bar ƙasarsa kafin 1970, shekarar yarjejeniyar UNESCO ta hana fasa-ƙwaurin kayan tarihi, ko kuma ya fita da izini. Wannan ya sa fuska mai takarda ta fi marar takarda tsada nesa ba kusa ba, ya kuma sa ƙera takarda ya zama sana'a mai riba kamar ƙera fuskar jabu. Da yau aka kawo salsalar Brussels gaban kwamitin saye, da wuya ta wuce.

Masar ba ta janye da'awarta ba. Fuskar tana nan a St. Louis, hannuwa harɗe, riƙe da layunta biyu. A littafin gidan tarihin lambarta 19:1998, wato abu na 19 da aka karɓa a shekarar. A littafin Alƙahira kuwa har yanzu gurbinta na nan a akwati na 54.